Ta Ƙasa, Ta Tsakiya, Ta Sama

Hamdiyya Shitu ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin Tudun Wada. Duk wanda aka taɓa tura shi a ɗebi jininsa a garin, da wuya bai zauna a kan bencinta ba. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tabaronta kullum a kan karan hanci. Tana cikin matan garin na farko da aka saba gani a bayan sitiyari, amma ba sha'awa ce ta kai ta tuƙi ba.

A Tiga aka haife ta. Mahaifinta, Malam Shitu, yana cikin masu kula da ƙofofin ruwa na madatsar, mahaifiyarta Habiba kuma tana bandar kifi tana kaiwa kasuwa. Hamdiyya ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai. Ta tashi da ƙaurin hayaƙi a zanenta, har 'yan ajinsu na tsokanarta da shi, ita kuwa ba ta tanka musu. Da ta gama sakandare mahaifinta ya ce ta ci gaba, ta yi karatun aikin lafiya, aka tura ta Tudun Wada tana da shekara ashirin da biyu.

A nan ta haɗu da Kamaluddeen. Malamin gona ne, ɗan Burumburum, ya zo da zazzaɓi likita ya ce a duba jininsa. Ashe tsoron allura yake yi. Tana ɗaure masa hannu ya kawar da kai, ya fara yi mata surutun mota don kada ya ga abin da take yi. Ya ba ta labarin wata mota da ya gani a Kano tun daga fitilarta har salansa. Ta gama, ta liƙa masa auduga, shi bai gama ba. Bayan sati biyu ya dawo babu zazzaɓi. A ƙarshen shekarar aka ɗaura musu aure.

Sun haifi uku: Ilham, Sadiq, da Nusaiba. Shekaru da yawa babur Kamaluddeen yake hawa, yana zagaya ƙauyuka yana nuna wa manoma tazarar shuka da yadda ake zuba taki. Daga baya ya sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, wadda sai an tura take tashi idan ta kwana biyu a ajiye. Amma ransa yana kan wata daban, wata ƙaramar mota ƙirar Japan mai ƙofa huɗu, mai kwantaccen gaba kamar za ta yi tsere.

Bayan la'asar, idan ya dawo daga aiki, zai zauna a kan tabarma a tsakar gida da wayarsa, Hamdiyya tana tsince shinkafa a faranti.

"Maman Ilham, duba nan. Mutane gani suke mota ɗaya ce. Jiki ɗaya ne, amma aji uku ne."

"To," in ji ta.

"Wannan ita ce ta ƙasa. Kujerun yadi, rim ɗinta ƙarfe ne an rufe da roba, giyar hannu. Wannan ta tsakiya. Giyarta da kanta take canzawa, akwai kyamara a baya, kujerun kamar fata amma ba fata ba ne. Wannan kuwa," sai ya gyara zama, "ita ce ta sama, sifot, ta masu son gudu. Kin ga ɗan fiffiken nan a kan but? Salansa biyu. Rufinta buɗewa yake. Kujerun fata ne da jan zare, kuma rungume mutum suke ta gefe da gefe, don kada ya zame a kwana. An sauke ta ƙasa ta fi sauran, tayarta siririya."

"Allah ya hore," in ji ta, tana zubar da tsakuwa.

Shekara kusan huɗu tana jin wannan. Ba ta taɓa sa ranta a kai ba, amma ya zauna mata a ka kamar yadda tallan rediyo ke zama. Shi kuwa yana da shirinsa. Akwai gonar da suka gada shi da wansa Sabo a Burumburum, ya ce idan masara ta yi kyau shekara biyu a jere, ta sama zai saya, ja.

Masara ta yi kyau shekara biyu a jere. A kaka ta biyu, ranar wata Laraba, yana tsaye ana ɗinke buhuna a gona, sai ya ce kansa na sara masa, ya zauna a kan buhu, daga nan ya sulale ƙasa. A bayan akori-kura aka kawo shi asibiti. Yana da shekara arba'in da shida.

Hamdiyya tana bakin aiki. Wata nas ta shigo da kwalbar jini da takarda, ta ajiye a kan tebur, ta tsaya tana kallonta ba ta fita ba. Hamdiyya ta karanta sunan da ke kan takardar. Ta sake karantawa. Sai ta ɗauki kwalbar ta yi gwajin da aka rubuta, ɗaya bayan ɗaya, ta cike takardar da rubutunta mai kyau, ta sa hannu, ta wanke hannuwanta, sannan ta fita ta je ta gan shi.

Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Bayan wata guda abin da ya dawo masa kalma huɗu ce: "to", "a'a", "Allah", da "wancan". Ko ruwa yake so, ko filo, ko ɗaya daga cikin yaran, "wancan" zai ce, ya nuna da hannun hagu.

Mutane suka yi ta zuwa dubiya, suna fita suna yaba tawakkalin Hamdiyya. Ba wanda ya ga hawayenta. Ita ta san ba tawakkali ba ne kaɗai. Abin da take ji ya yi kama da hannun da aka kwanta a kai ya mutu: tana ganinsa, tana iya ɗaga shi, amma ko an tsunkule shi ba ta ji. Tana tashi da asuba ta yi masa wanka, ta ba shi koko da cokali, ta shirya yara, ta tafi aiki, ta dawo ta juya shi, ta wanke zannuwa. Idan aka tambaye ta ya jiki, ta ce da sauƙi. Idan aka tambaye ta ita fa, ita kanta ba ta san amsar ba.

Likita ya ce sai an riƙa kai shi gashin ƙashi a Kano, Talata da Alhamis. Da farko a motar haya suke zuwa, ta kama masa kujerar gaba shi kaɗai, ita ta zauna a bayansa tana riƙe da kafaɗarsa. Daga baya Yaya Sabo ya riƙa jan su a tsohuwar motar. Amma Sabo manomi ne kuma yana fataucin hatsi a kasuwannin Doguwa, ba kullum yake samun dama ba. Wata rana ta ce masa, "Yaya, koya min."

A filin ƙwallon firamare ya koya mata, tana da shekara arba'in da ɗaya. Sati uku ta hau titi. Ba ta ji tsoro ba, Sabo ne ma ya riƙa jin tsoro a madadinta.

A wata na takwas da fara ciwon, tsohuwar motar ta mutu musu a Kwanar Ɗangora da tsakar rana, suna dawowa daga gashi. Awa huɗu suka yi a gefen titi kafin bakanike ya tashe ta. Kamaluddeen ya jiƙe da gumi a kujera, kuma ya kasa riƙe fitsari. Ta rufa masa mayafinta a cinya, ta tsaya a jikin ƙofa tana kare shi daga masu wucewa.

Washegari Sabo ya zo gidan. Bayan sun gaisa ya ce, "Hamdiyya, masarar nan tana nan a sito, ban taɓa rabonsa ba. Da ma don mota ya ajiye ta. A fitar da ita, a haɗa da wannan akwalar, a sayo muku abin da zai kai ku ya dawo da ku."

Ta ce, "To, Yaya."

"Asabar sai mu shiga Kano ni da ke. Shi ya huta a gida."

"Da shi za mu. Shi zai riƙa shiga, da shi za a gwada."

Ranar Asabar suka isa wani filin sayar da motoci a Kano wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Sabo ya riga ya yi waya da dillalin, wani mai suna Inuwa, gajere mai fara'a, da tarin makullai a hannu. Ya jera musu motocin guda uku a gefe ɗaya: fara, ruwan toka, da ja. Duk tokumbo ne, duk ƙira ɗaya. Hamdiyya ta buɗe keken marasa lafiya, ita da Sabo suka zaunar da Kamaluddeen, ta turo shi har gabansu.

Inuwa Sabo ya fuskanta. "Alhaji, ka zo a sa'a, duka ukun suna ƙasa. Wannan farar ita ce mai sauƙi. Wannan ruwan tokar kuwa ful ofshin ce, babu abin da babu."

Sabo manyan motoci ya sani, masu ɗaukar buhu. Ya gyaɗa kai.

"Ba ful ofshin ba ce," in ji Hamdiyya. "Ta tsakiya ce. Rufinta ba ya buɗewa, salansa ɗaya gare ta, kujerun kuma ba fata ba ne. Jar ce ta sama."

Inuwa ya juyo ya dube ta da kyau. "Lallai Hajiya ta san mota."

Ta ji maganar ta fito daga bakinta da irin jerin da mijinta yake jera ta, har da inda yake tsayawa ya ja numfashi. Ta dube shi ta ga ko ya lura. Shi idonsa na kan jar. Ya ɗaga hannun hagu a hankali.

"Wancan," in ji shi.

"Maigida ya san abu mai kyau," in ji Inuwa, ya buɗe ƙofar gaba.

Sa shi a ciki sai da ya ɗauki su uku. Kujerar tana can ƙasa, kuma gefenta ya taso kamar bakin kwarya, sai an ɗaga mutum an tsallakar da shi. Sabo ya kama shi ta hammata, Inuwa ya riƙe ƙugu, Hamdiyya ta ɗaga matacciyar ƙafar da hannu biyu. Kansa ya bugi bakin rufin, hularsa ta faɗi. Takalminsa ɗaya ya cire. Da ƙyar suka zaunar da shi, dukansu suna haki.

Kamaluddeen ya shafa jan zaren da ke jikin kujerar da yatsa. Ya ɗaga kai ya kalli gilashin rufin. Inuwa ya miƙa hannu ya danna wani maɓalli, gilashin ya ja baya, rana ta sauko masa a goshi. Ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

Hamdiyya ta ga wannan. Ta san abu ne da ya kamata ya taɓa ta. Ta jira ta ji, ba ta ji komai ba, sai ta ce, "A ba ni makulli in zagaya da ita."

Motar tana da ƙarfi. Da ta ɗan taɓa totur sai ta zabura, salansa ta yi gurnani. Suka fita layin bayan filin, Inuwa da Sabo a baya. A tudun rage gudu na farko cikin motar ya karci siminti. A kowane rami sai ta ji bugun har haƙoranta, kuma ta ga kafaɗar Kamaluddeen ta dama, wadda ta saki tun da ya kwanta, tana girgiza. Ya runtse ido a rami na uku, amma bai yi ko tari ba.

Da suka dawo Sabo ya zagayo zai taimaka a fito da shi. Ta ce, "Yaya, bari in gwada ni kaɗai."

Ta matso da keken, ta taka birkinsa, ta sunkuya ta sa hannuwanta a bayansa yadda aka koya mata a wurin gashi. Ta ja. Bai taso ba. Ta gyara ƙafa ta sake ja, bayanta ya amsa. A karo na uku ya taso rabi, gefen kujerar ya tare cinyarsa, ya koma da ƙarfi. Ta miƙe tsaye.

"To, ku kama," in ji ta.

Bayan an mayar da shi keke, ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya tana buɗe ƙofar gaba, tana tsayawa a jikin kujera ta auna da ƙafarta. Ta jar tana ƙasa da gwiwarta sosai. Ta farar da ta ruwan tokar sun kusa kai gwiwa, kuma shimfiɗaɗɗu ne.

Suka gwada farar. Ita kaɗai ta sa shi, ita kaɗai ta fito da shi. A kan layin ma ta fi kowacce laushi, tayarta mai kauri tana shanye ramuka. Sabo ya ce, "Ai shi ke nan, ga mota."

Hamdiyya ta danna kujerar da tafin hannu. Yadi ne mai soso, irin wanda idan ya sha ruwa ba ya saki. Ta tuna ranar Kwanar Ɗangora, da yadda ta yi kwana uku tana wanke kujerar tsohuwar motar tana shanyawa, warin bai fita ba. Ba ta faɗi wannan a gaban Inuwa ba. Abin da ta ce shi ne, "Giyar hannu ce. Idan barci ya ɗauke shi a hanya zamewa yake yi, da hannun dama nake tare shi. Ba zan iya riƙe shi ina canza giya ba."

Da suka gwada ruwan tokar, ba ta kai farar laushi ba, amma ba ta karci ƙasa ba. Kujerarta ana gogewa da tsumma. Da ta sa ribas, allon da ke gabanta ya nuna mata bayan motar har da keken da ke ajiye a can. But ɗin duka ukun girmansu ɗaya, keken yana shiga idan an cire matakin ƙafa.

Inuwa ya lura inda maganar ta dosa, ya kuma lura da inda Kamaluddeen yake kallo. Ya ce, "Hajiya, idan tsayi ne matsalar jar, ana ɗaga ta. Akwai mai yi mana, ya canza shokozoba ya sa mata taya mai kauri, kwana ɗaya ya gama."

"Kujerar fa?"

"Ita ma ana iya canzawa."

"Idan an canza taya, an canza kujera, an ɗaga ta, me ya rage?"

Inuwa ya yi dariya. "Fenti, Hajiya."

Sabo ya ja ta gefe, bayan wata babbar mota, ya yi ƙasa da murya. "Hamdiyya, kin ga yadda yake kallonta. Shekara nawa yana maganarta? Masararsa ce. Ba mu san abin da Allah ya rubuta ba, a saya masa abin da ransa yake so."

Ta ce, "Yaya, ranar Talata idan na tsaya a ƙofar asibiti, wa zai ɗaga shi?"

Sabo ya cire hularsa ya share gumi. Idanunsa sun yi ja. Ta tsaya tana kallonsa, tana mamakin yadda abin yake zo masa da sauƙi haka.

Ta koma wurin keken, ta durƙusa a gabansa yadda fuskarsu za ta zo daidai.

"Baban Ilham, ta tsakiya zan ɗauka."

Ya dube ta. "A'a."

"Ba zan iya fito da kai daga jar ba. Ka gani da idonka. Hanyar gida ma ba za ta bar ta ba. Farar kuma ka san dalili."

Ya daɗe yana kallonta. Yawu ya ɗan zubo ta gefen bakinsa, ta share da bakin mayafi. Sannan ya kawar da kai wajen katanga.

"To," in ji shi.

Tun da ciwon ya same shi, wani lokaci yakan ce "to" yana nufin "a'a", ya ce "a'a" yana nufin "to". Masu gashin sun ce haka ciwon yake. Don haka har yau Hamdiyya ba ta san wanne ya nufa a cikin biyun ba, na farkon ko na ƙarshen. Ba ta sake tambayarsa ba.

Sabo ya shiga ofis da Inuwa aka gama takardu. Da la'asar suka kamo hanya, ita tana tuƙa sabuwar motar, Sabo a kujerar baya. Suka wuce Kwanar Ɗangora suka karya ta hanyar Tudun Wada. Kamaluddeen ya jingina kansa da gilashi yana kallon gonaki. Sau ɗaya ya miƙa hannu ya taɓa allon gaban motar, ya janye.

A gida maƙwabta suka fito. Yara suka zagaye motar suna leƙe. Mata suka shigo suna cewa Allah ya sa a kashe lafiya, Allah ya tsare hanya. Hamdiyya ta amsa wa kowa. Da suka watse ta shiga kicin ta ɗora tuwo.

Ba a daɗe ba magana ta zaga. Wasu daga cikin abokan Kamaluddeen, waɗanda suka sha jin labarin jar motar a majalisa, suka ce matar ta hana shi burinsa da dukiyarsa, ta zaɓi wadda ta yi mata. Wata abokiyar aikinta ce ta kawo mata maganar, tana jiran ta ga ɓacin rai. Hamdiyya tana rubuta lamba a jikin kwalba, ta ce, "Haka ne, ni na zaɓa," ta ci gaba da rubutunta.

Mahaifiyarta ta zo daga Tiga ta yi musu sati. Tsohuwar ta zauna tana lura da ita, yadda take aiki daga wannan sai wancan ba tsayawa. Ranar da za ta koma ta kira ta ɗaki.

"Hamdiyya, tun da abin nan ya faru kin yi kuka kuwa?"

"A'a, Inna."

"Ki yi mana. Ba laifi ba ne."

"Ba hana kaina nake ba. Ba ya zuwa ne."

Inna Habiba ta kama hannunta ta riƙe, ita ta yi kukan. Hamdiyya ta jira ta gama, ta ɗauko mata jakarta, ta kai ta tasha a motar.

Shekara biyu da 'yan watanni motar tana zuwa Kano sau biyu a sati. An mayar da Hamdiyya aikin yamma a ranakun, don ta samu safiya. Ta san kowane rami a hanyar, ta san inda ake tsayawa a sha mai, ta san wace bishiya ce ke da inuwa a harabar asibitin. Sau biyu taya ta fashe mata, sau ɗaya wani mai babur ya fasa mata fitilar baya. Ban da wannan motar ba ta taɓa ajiye su a hanya ba.

Kamaluddeen ya samu sauƙi, ba duka ba. Ya fara tsayawa, sannan ya fara takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure. Hannun dai bai dawo ba. Kalmominsa sun ƙaru, yana kiran sunayen yaran, yana cewa "ruwa", "zafi", "gobe", "gaba". Wurin aikinsa suka sallame shi saboda rashin lafiya. Ya daina neman wayarsa, sai rediyo.

Wata Alhamis likitan gashin ya zaunar da su ya ce an kai inda za a kai. Abin da ya rage a ci gaba da motsa jiki a gida, su riƙa zuwa bayan wata uku-uku. Hamdiyya ta yi godiya, ta karɓi katin ta sa a jaka.

Talatar da ta biyo baya ta tashi kamar kullum. Ta yi masa wanka, ta sa masa kaya, ta zuba ruwa a gora, ta ɗauki tawul, ta kama shi har mota. Sai da ta kai bakin babban titi, ta sa sigina za ta karya hanyar Kano, sannan ta tuna. Ta taka birki ta gangara gefe.

"Yau babu gashi," in ji ta.

Ta juya ta ga yana dariya da rabin bakinsa, ba sauti. Ashe ya sani tun a gida, ya ƙyale ta.

"Mu koma?"

"A'a." Ya nuna ɗaya hannun titin, wanda ya yi kudu. "Gaba."

Ta juya kan motar. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi a gefen hanya. Suka yi ta tafiya a hankali, manyan motoci suna wuce su. Kusa da Falgore, kafin a shiga daji, garken shanu ya tare titi, ta tsaya ta kashe mota. Shanun suna da yawa, sun daɗe suna tsallakawa. Wata Bafulatana da ƙwarya a ka ta matso jikin gilashi ta gaishe su, ta ce akwai kindirmo.

Hamdiyya ta saya a kofin gorarsu. Ta riƙe masa yana kurɓa, yana zuba a haɓarsa tana gogewa da tawul. Ya sha rabi ya ture mata. Ta shanye sauran. Yana da tsami da sanyi, ta ji shi har cikinta, sai a lokacin ta tuna ba ta karya ba.

Da titi ya buɗe ta dube shi. Ya gyaɗa kai, ta juya suka kamo hanyar gida. A hanya barci ya ɗauke shi, ya fara zamewa, ta tare shi da hannun dama har suka shiga gari.

Satin da ya biyo baya aka mayar da ita aikin safe. Asibitin ba shi da nisa da gidansu, da ƙafa take zuwa. Motar tana ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar gida, tana fita ranar da za a kai Ilham makaranta ko a ɗauko ta, da ranar ganin likita. Kamaluddeen yana wuni a zaure da rediyonsa, masu wucewa suna tsayawa su gaishe shi. Hamdiyya tana dawowa wajen ƙarfe biyu da rabi, ta tsaya ta tambaye shi ko ya sha maganin rana, ta ɗauki kwanon abincinsa ta shiga ciki.